Gonata Ce, Ruwana Ne, Wa Zai Hana Ni?

Ga wata tambaya da nake so mu tauna tare. Mutum yana da gona, ya saya da kuɗinsa ko ya gada. Shin yana da ikon zuba duk abin da ya ga dama a cikinta? Na san za ki ce e mana, ai tasa ce. To ki ɗan dakata mu leƙa wajen masu tatsar man zaitun a ƙasashen bakin Bahar Rum.

Man zaitun ɗin da muke saye a kwalba ba shi kaɗai ke fita daga 'ya'yan zaitun ba. In an niƙa an matse, mai ya fita, sai a bar tunkuza da wani baƙin ruwa mai tsami da wari. Ruwan nan yana da sinadarin fenol, wanda ke hana iri tsirowa, kuma in ya shiga kogi sai ya cinye iskar da kifi ke rayuwa da ita. Amma kuma yana ɗauke da fotash da sauran abincin da ƙasa ke so. In kaɗan ne taki ne, in ya yi yawa guba ne. Ga shi duk a 'yan watannin hunturu yake taruwa, lokacin da ake ruwan sama a can, ƙasa a jiƙe.

A Sifen, wadda ta fi kowace ƙasa yin man zaitun, a da kogi ake turawa. Kogin Gwadalkibir na Andalus ya sha wahalar abin, har gwamnati ta hana a farkon shekarun 1980, aka koma tara shi a tafkuna rana ta shanye. Ita kuwa Italiya, a 1996 ta yi doka mai lamba 574, ta yarda a watsa shi a gona, amma da awo. Mai tsohuwar matsa kada ya wuce lita dubu 50 a hekta ɗaya a shekara, wato lita 5 kacal a kan kowane murabba'in mita. Mai injin zamani an ba shi lita dubu 80, don shi injin yana ƙara ruwa, abin ya fi tsarma. Sai an sanar da magajin gari kwana 30 kafin a fara. Ba a zubawa kusa da gari ƙasa da mita 200, ko kan kayan lambu da ke tsaye, ko a ƙasar da ruwa ya kwanta, ko inda ruwan ƙasa bai kai zurfin mita 10 ba.

Ki lura da waɗannan sharuɗɗa, kusan duk don kare wani aka sa su, wanda ba ya wurin ranar zubawa: mai rijiya, mai cin latas, mai shaƙar wari. A nan amsar tambayarmu take. Iyakar gona a sama take, shinge ne ko dutse. Ruwa bai san shinge ba. Abin da aka zuba yau zai nutse ya haɗu da ruwan da maƙwabci zai ja da guga baɗi. Ikon mutum a kan abinsa yana ƙarewa a inda cutar wani ta fara, ko da cutar ba ta ganuwa, ko da sai bayan shekaru za ta fito. Har ɗan da zai gaji gonar yana da haƙƙi a kai, shi kuwa ba a tambaye shi ba.

Sai dai mu yi adalci. Mai ƙaramar matsa a ƙauye zai ce, ni ina na ga kuɗin tanka da na malamin gona mai rubuta rahoto? Babban kamfani zai biya bai ji ba, ni kuwa sai na rufe. Maganarsa abin saurare ce. Amma in an ɗauke masa nauyin, nauyin bai ɓace ba, kan wani talaka ya koma, wata ƙila wanda ya fi shi rauni. Abin da ya dace a taimaka masa ya ɗauka. Sifen ta nuna hanya ɗaya: daga farkon shekarun 1990 masana'antunta suka koma injin da ba ya buƙatar ƙarin ruwa sosai, baƙin ruwan ya ragu tun daga tushe.

Ke ma 'yar'uwa, in kina rini, ko sabulu, ko wata sana'a mai fitar da ruwan datti, tambayar ta iso ƙofarki. Kafin ki kifar da baho a bayan gida, ki tambayi kanki: nawa ne, ina zai bi, wa zai sha? Ba sai an yi doka ba kafin mutum ya san rijiyar maƙwabci amana ce. Allah Ya sa mu dace.