Kulle Mota da Kyautata Zato

Ƙofar bayan motata ta daina jin rimot. Mai gyara ya cire murfinta na ciki, ya zaro ɗan injin da ke jan sandar makulli, ya ce haƙoran robarsa sun cinye. Na sayo na Beljiyam a Ƙofar Ruwa, ya ɗaura.

Bayan gyaran, da na kulle motar a ƙofar masallaci, sai Kawu ya ce, "Kai ɗan nan, har a ƙofar masallaci sai ka kulle? Mu ɓarayi ne?"

Maganar ta tsaya mini a rai, domin addini ya hana mummunan zato. Amma ban yarda kullewa zargi ba ce. Zargi wani yake nufa. Makulli kuwa bai san liman ba, bai san ɓarawo ba. A ruwayar Tirmizi ma, Annabi (SAW) ya umarci mai raƙuma ya ɗaure ta, sannan ya dogara ga Allah.

Ƙofar Na'isa tamu, wadda aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi, da can sarkin ƙofa kan rufe ta da dare, ga malamai cike da birni.

Inda hujjata ke rawa shi ne a danja, sa'ad da almajiri ya matso na danna makulli. Shi kam ya san da shi ake.