Kuɗin Rajista: Bashi Ne Ko Amana?

A gari irin Babban Duhu, idan yaro ya samu gurbin karatu a jami'a, gida guda ne ke tashi tsaye. Uba ya fitar da buhun gero daga rumbu, uwa ta sayar da tunkiyarta, kawu ya ƙara abin da ya sawwaƙa. A haɗa kuɗin rajista da na mota, a ce masa: "Allah ya ba da sa'a, ka riƙe mutuncinka." Mu da muka taɓa karɓar irin kuɗin nan, da mu da muka taɓa bayarwa, ba mu cika tambayar kanmu ba: me sabon ɗalibi ya ɗauka a wuyansa ranar?

Yawancinmu za mu ce bashi ne, kuma muna da hujja. A yankin Safana da Batsari, gefen dajin Rugu, geron da ya kai rumbu da fargaba aka noma shi. Iyaye ba su manta da ɗalibai sama da 300 da aka kwashe a Ƙanƙara a Disambar 2020 ba, ko ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka sace a Oktoban 2023. Wanda ya bar ɗansa ya tafi karatu a wannan hali ya ba da kuɗinsa, ya ba da barcinsa.

Sai dai bashi yana da adadi, yana da ranar biya. Rancen karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 irin wannan ne. Tunkiyar uwa fa, nawa za a rubuta? Ranar biyan kuma ba a hannun yaro take ba: yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, kuma bayan bautar ƙasa babu wanda ya yi masa alkawarin aiki. Ɗalibin da ya ji kansa mabarci, idan ya faɗi darasi sai ya ɓoye wa gida, idan jarrabawa ta matso sai satar amsa ta fara yi masa kama da biyayya ga iyaye.

Akwai kuma wanda ya ce babu mai bin sa komai, ƙwaƙwalwarsa ce ta kai shi. Tun makon farko ake gane shi. A tambaye shi garinsu a ɗakin kwana, ya ce "Katsina" ya yi shiru, don kada a haɗa shi da labarin 'yan bindiga. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A ganinmu kalmar da ta dace ita ce amana. Bashi ana mayar wa mai shi a rabu; amana riƙewa ake yi har a miƙa ta gaba, kuma ba sai an fara albashi ake sauke ta ba. Tun zangon farko tana da hakki: a faɗa wa gida gaskiyar sakamako, mai daɗi ko marar daɗi, a ambaci sunan gari ba tare da sunkuyar da kai ba, a koma da abin da aka koya. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, alhali a ƙauyukanmu akwai yara masu kaifin basira da ba su taɓa zama gabanta ba. Ɗalibin da ya zo hutu ya zaunar da ƙanne uku ya nuna musu yadda ake rajista da yadda ake amsa tambaya a kanta, ya fara sauke nauyinsa ko sisi babu a aljihunsa.

Dole ne ya dawo gida da zama bayan ya gama? Ba mu da bakin tilasta masa, muddin mu ma ba ma barci da ido biyu rufe. Mu masu bayarwa ma amanar ta hau kanmu: mu daina lissafa masa tunkiya duk sanda ya bugo waya. Idan ya ce ya faɗi darasi ɗaya, mu tambaye shi ko ya ci abinci, sannan mu tambaye shi yaushe zai sake rubutawa.