Idan Mai Ihu Ya Yarda Da Ihunsa, Alhaki Na Kan Wa?

'Yan uwa, maganar wannan mako tana da ɗan nauyi a baki, don haka ina neman afuwar iyayenmu da malamanmu kafin in fara. Na daɗe ina jinkirta ta saboda kunya. Amma abin da ake kashe mutum a kansa a tsakiyar kasuwa da rana tsaka, ya wuce a ce kunya ta hana a tattauna shi.

Wajen ƙarshen shekarar 2023, lokacin da maganar satar mazakuta ta cika Abuja da kewaye, na je wata tasha a nan Minna in karɓi saƙon kaya daga Kano. Ina tsaye sai na ji ihu a bayana. Wani saurayi ne, bai fi shekara ashirin ba, ya riƙe gaban wandonsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya cakumi rigar wani bawan Allah da ya sauko daga mota yanzu-yanzu. Laifin mutumin shi ne ya dafa kafaɗar yaron ya tambaye shi inda ake hawa motar Bida. Kafin a ce kwabo an kewaye shi. Mai mari na yi, mai takalmi na yi, wani har ya tafi neman taya.

Ga abin da na ke jin nauyin faɗa. Ni da na ke rubuta muku wannan, ban ce uffan ba. Na ja da baya, na kare jikina kada wani ya goge ni, kuma wallahi sai da na sa hannu a aljihu na tabbatar da kaina. Ba ni kaɗai ba, kusan duk namijin da ke wurin na ga ya yi haka.

Allah Ya kawo wani dattijon direba, ya kutsa ciki da tsawa, ya ja su biyun zuwa wani ɗaki ya rufe, tare da dattawa biyu. Ba su yi minti biyar ba suka fito. Komai na nan lafiya lau. Yaron da kansa ya ce, yana rawar murya, "Ta dawo." Sai jama'a suka ce, ai dole ya mayar tunda ya ji wuya. Aka watse. Baƙon nan ya tsince hularsa, bakinsa na jini, ledar kayansa ta ɓace. Babu wanda ya ce masa yi haƙuri, har da ni.

Abin da ya tsaya mini a rai tun ranar shi ne fuskar yaron. Na san fuskar maƙaryaci, duk ɗan kasuwa ya san ta. Wannan ba ita ba ce. Gumi ya ke yi, jikinsa na kyarma, idonsa ya yi ja. Ya yarda ɗari bisa ɗari cewa an cuce shi. To tambayata ke nan: idan mutum bai yi ƙarya ba, abin da ya ji a jikinsa ya faɗa, amma aka zubar da jinin wani a kan maganarsa, alhakin na kan wa?

Kafin amsa, ya kamata mu san cewa abin ba sabo ba ne, kuma ba a kanmu aka fara ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, Dokta Sunday Ilechukwu, ya rubuta cewa a shekarar 1975 yana aiki a Kaduna, ɗan sanda ya kawo masa mutum biyu, ɗaya na zargin ɗaya da irin wannan sata. Ya duba mai ƙarar, ya same shi cikakke. Da aka faɗa masa, sai ya leƙa ya yi mamaki, ya nuna cewa yanzu ta dawo. Kun ga ke nan, shekara kusan hamsin tsakani, magana ɗaya ce da ta yaron tasha. A 1990 abin ya ɓarke a Legas. A 1997 ya zagaya Gana da Kwaddibuwa da Senegal, aka kashe mutane. A 2003 ya kai Kartum ta Sudan, inda aka riƙa cewa kada a gaisa da baƙo hannu da hannu.

Har a wajen Afirka an yi. A Singafo, can kudu maso gabashin Asiya, a 1967 ɗaruruwan maza suka cika asibitoci suna cewa gabansu na shigewa ciki. Su ba su zargi kowa da tsafi ba. Jita-jita ce ta yaɗu cewa naman aladun da aka yi wa allurar rigakafi ne ke jawo haka. Da likitoci suka fito a kafafen labarai suka yi bayani, cikin 'yan kwanaki masu zuwa asibiti suka ragu, abin ya mutu. Likitoci suna kiran wannan hali da suna koro. A lura da wannan da kyau: a can an ce nama ne, a nan an ce hannun baƙo ne. Abin da ake ji a jiki iri ɗaya ne, amma kowace ƙasa da irin labarin da ta ke rataya masa.

Yaya hakan ke faruwa? Bayanin ba shi da wuya, kuma kowa ya san irinsa a jikinsa. A zauna cikin mata a fara hirar ƙwarƙwata, minti biyu za ka ga ana sosa kai. Ka ci tuwo ka ƙoshi lafiya, wani ya ce ya ga ƙadangare ya faɗa tukunyar miyar, nan take cikinka zai fara juyawa, ko da wasa ya ke yi. Sau nawa ka ji waya na motsi a aljihu, ka sa hannu ka tarar tana can kan caji a shago? Jiki yana bin abin da zuciya ta sa a gaba.

Shi kuma tsoro yana da nasa aikin. Idan mutum ya firgita, jini yakan janye daga fata da gefe-gefen jiki ya koma ga manyan tsokoki, don a samu ƙarfin gudu ko faɗa. Shi ya sa hannu ke yin sanyi, baki ya bushe. Gaban namiji ma yakan tsuke, kamar yadda ya ke yi wa kowa in ya yi wanka da ruwan randa da asubar hunturu. To ɗauki yaron da ya kwana biyu yana kallon bidiyon satar mazakuta a WhatsApp, abokansa na ta ba shi labari. Baƙo ya taɓa shi ba zato. Gabansa ya faɗi. Ya shafa ta saman wando cikin firgici, ya ji ba kamar yadda ya saba ba. Tsoro ya ƙaru, jiki ya ƙara tsukewa, shi ke nan sai ihu. Bayan hankali ya kwanta jiki ya sake, sai ya ce ta dawo.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a shago: "Malam Sakatare, kana nufin babu sihiri ke nan? Ai ruwa ba ya tsami banza." Ni ba malami ba ne, wannan babi na bar wa masu shi. Abin da na ke cewa kaɗan ne. A wannan magana ta musamman, in an kai ga dubawa a gaban likita ko dattawa, mutum ake samu cikakke. Kowa ya ji labarin wanda abin ya faru da shi a wani gari, amma tambayi mai ba da labarin ko shi ya gani da idonsa, za ka ji ya ce wani ne ya faɗa masa. Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji. A Abuja ma a 2023, da 'yan sanda suka riƙa kai masu ƙara asibiti, ƙarshenta masu ihun aka riƙa gurfanarwa a kotu kan tayar da hankalin jama'a.

Sannan a dubi tarkon da ke cikin hukuncin taron jama'a. In an duba aka ga lafiya, sai a ce ya mayar don ya sha duka. In mai ƙara ya ce har yanzu ba daidai ba, sai a ce a ƙara masa duka har ya mayar. In ya yi rantsuwa, a ce ƙwararre ne. In ya gudu, a ce ga shaida nan. Ta wace ƙofa mara laifi zai fita? Duk shari'ar da babu yadda za a yi mai gaskiya ya kuɓuta a cikinta, zalunci ce tun kafin a fara ta.

Yanzu mu koma kan alhaki. Ni a ganina kashi uku ne, kuma ba su kai juna nauyi ba.

Mai ihu yana da nasa. Tsoron da ya ji ba laifinsa ba ne, ba shi ya kira shi ba. Amma tsakanin "na ji wani abu a jikina" da "wannan mutumin ne ya yi mini" akwai tazara, kuma shi ya tsallaka ta da bakinsa. Na farko labarin jikinsa ne, yana da iko da shi. Na biyu tuhuma ce a kan wani, tana buƙatar hujja. Da ya ja wani babba gefe ya ce, "Baba, don Allah zo ka duba ni," da magana ta ƙare a nan. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Masu duka nasu ya fi nauyi. Shi yaron aƙalla ya ji wani abu. Su me suka ji? Ba su gani ba, ba su tambaya ba, ba su san sunan ko ɗaya daga cikin biyun ba. Akwai wani hali na ɗan Adam da masu nazarin halayya suka daɗe da lura da shi: mutum in yana cikin taro sai ya ji kamar laifin ya rabu gida ɗari, nasa kason bai kai komai ba. "Ni mari ɗaya kawai na yi." To mari ɗaya-ɗaya ɗin ne ke taruwa ya zama gawa. Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin cewa kwabo-kwabo ke zama jari.

Kashi na uku shi ne namu, mu 'yan kallo da masu turawa. Wanda ya tura bidiyon a zauren WhatsApp na 'yan layi ya rubuta "a yi hattara", yana ganin taimako ya yi. Alhali shi ya shuka tsoron da ya tsiro a jikin yaron tasha. Ni kuma da na ja baya na yi shiru, na ƙara wa masu duka yawa da tsayuwata. Dattijon direban nan bai fi ni ƙarfi ba, bai fi ni karatu ba. Ya dai ƙi yarda ya ari tsoron wani. Suratul Hujurati, wadda yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, ta umarce mu da bincika labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama, ta kuma gargaɗe mu kan yawan zato. Ƙa'idar shari'a sananniya ce, mai da'awa shi ke kawo hujja. Ban ga inda aka cire tasha ko kasuwa daga wannan hukunci ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar ta shafe mu fiye da kowa. Wa ake nunawa da yatsa a irin wannan rana? Baƙo. Wanda ba a san shi ba, mai wata irin shiga, mai wani irin harshe. Wani masani Bafaranshe, Julien Bonhomme, ya yi littafi guda a 2009 kan wannan jita-jita a Afirka, ya nuna cewa yawanci baƙi ake zargi, kuma a ƙasashe da dama sunan Bahaushe na cikin waɗanda ake kira. Ku duba mu. Iyayenmu da kakanninmu sun zo garin nan ne suka tarar da Gwarawa da Nufawa, aka ba su wurin zama. Yau ɗan wani yana Paiko ko Gwada sayen doya, ɗan wani yana Onitsha, wani yana Legas, wani ya bi motar shanu zuwa Fatakwal. Sana'armu gaba ɗaya a kan gaisawa da wanda ba mu sani ba ta ke. Ba mu manta da Uromi ta jihar Edo ba, a watan Maris na 2025, cikin azumi, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano, kan zargin masu garkuwa da mutane ne. Zargin daban ne, amma hanyar ɗaya ce: wani ya yi ihu, taro ya yanke hukunci. Mun yi kuka a kan wannan, kuma muna da gaskiya. To wanda ya yi kukan Uromi bai kamata a gan shi da sanda a hannu a Kasuwar Kure ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Don haka ga roƙona. In ka ji irin wannan a jikinka, ka yi ta'awwuzi, ka zauna, ka sha ruwa, ka nemi wani babba ko ka je asibiti. Ba abin kunya ba ne, tsoro ne, kuma yana wucewa. In a gabanka aka yi ihu, ku samu mutum biyu ko uku ku raba su da taro, a shiga shago a rufe, a kira shugabannin kasuwa ko 'yan sanda. In bidiyo ya zo wayarka, ya tsaya a wurinka. Iyaye mata, ku ma da aiki a hannunku, domin a gida yara ke fara jin waɗannan labarai. Masu yaran shago kuma, a zaunar da su a yi musu bayani tun kafin ranar ta zo, don ranar ba a jin magana.

Shi kuwa bawan Allah na tasha, ban san sunansa ba, ban san garinsu ba. Na ga ya hau motar Bida yana riƙe da baki. In Allah Ya sa takardar nan ta kai hannun wanda ya san shi, a gaya masa ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya kallo yana neman yafiyarsa.

Allah Ya tsare mu daga zaluntar wani, Ya tsare 'ya'yanmu a duk inda suke baƙunta. Allah Ya ba mu Juma'a mai albarka. Wassalamu alaikum.

Sakataren Masallaci