Alkawarin Nuhu da Maƙwabtanmu

'Yan'uwa cikin Ubangiji, waɗansu daga cikinmu a Jega da Maiyama suna jin tsoro, wai in mun zauna da limamai a kan sha'anin gari, mun yi musun Almasihu ke nan. To, ku ji labarin wani Bayahude.

Jonathan Sacks shi ne babban malamin Yahudawa, wato Rabbi, a Ingila daga 1991 zuwa 2013. Jama'arsa kaɗan ne cikin ƙasar, kamar mu nan. Bai karya Asabar ba, bai saki Attaura ba, har ya rasu a 2020. Duk da haka a 2008 ya tsaya gaban taron bishop-bishop na Anglika a Kantabari, ya yi musu jawabi a kan alkawari. Ya nuna iri biyu ne. Akwai na bangaskiya, irin na Ibrahim. Akwai kuma na waɗanda wahala ɗaya ta ci, irin wanda Allah ya yi da Nuhu da dukan masu rai bayan ruwan tufana (Farawa 9).

A kan Yesu kam hanyarmu ta rabu da tasa, ba mu ɓoye ba. Amma a kan Nuhu ya karanta daidai. Ran da gulbi ya ci shinkafa a fadamar Jega, da gonar Audu da ta Bulus yakan kwashe. Mai ɗori a Aliero kuwa, wa ya taɓa jin ya tambayi addinin mai karaya?

Saboda haka in hakimi ya kira taron gyaran rijiya ko sulhun manoma da makiyaya, dattawan ekklesiya su je da wuri, su zauna, a san su da suna.