TSATTSEWA A GAREJI: INA IYAKAR HAKKIN MAI GIDA?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako ta taso ne daga wata tambaya da wani maƙwabcina ya yi mini bayan mun idar da sallar La'asar. Ya ce, "Allah gafarta Malam, tsattsewa ce ta addabe ni. Tun da damina ta sauka take ta kai da kawowa a garejina, tana liƙa laka a jikin bango dab da rufi, tana zubo mini kashi a kan mota. Sau biyu yara suna kakkaɓe lakar tana sakewa, yanzu kuwa ta gama sheƙar, har ina jin ta yi ƙwai. Ga shi ina da tafiya ta mako biyu, ina so in kulle garejin. Yara sun ce in bar su da ita da danƙo. Mene ne hukuncin wannan a Shari'a?"

Wani zai ji wannan ya yi dariya, ya ce yaushe tsuntsu ya isa a ɓata masa shafin jarida. To, amma wanda ya san cewa Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wata mata da ta shiga wuta saboda kyanwa ɗaya tak, wadda ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba har ta mutu, lalle ba zai raina wannan tambaya ba. Domin kuwa ƙofar gareji da aka kulle a kan 'ya'yan tsuntsu, uwarsu tana waje tana shawagi da abinci a baki, ba ta da wani bambanci da ƙofar da matar nan ta rufe a kan kyanwarta.

Kafin a yanke hukunci a kan abu wajibi ne a san shi. Tsattsewa, wadda Larabawa ke kira khuɗɗafu, tsuntsuwa ce ƙarama mai dogayen fukafukai, wadda take cin abincinta a cikin iska tana tashi. Ba ta cin hatsi, ba ta ɓarnar gona, ba ta taɓa shanyar mata. Abincinta ƙwari ne masu tashi, irin su ƙudaje da sauro da shinge. Saboda wannan hali nata na kama kai daga abincin mutane ne Shehu Damiri, malamin Masar wanda ya rasu a shekara ta 808 bayan Hijira, watau 1405, ya ambata a cikin littafinsa Hayatul Hayawan cewa mutane suna yi mata laƙabi da tsuntsuwar Aljanna.

Tsattsewa kala-kala ce. Akwai wadda take hayayyafa a ƙasashen Turai, idan sanyi ya gabato ta ƙetaro teku da hamadar Sahara ta zo Afirka, sa'an nan ta koma wajen watan Maris ko Afrilu. Wannan baƙuwa ce, ba ta yin sheƙa a wurinmu. Akwai kuma 'yar gida, wadda take gini a zaurukanmu da barandodin makarantu da ƙarƙashin gadoji da garejoji, galibi da damina, lokacin da laka ta samu, ƙwari kuma suka yawaita. Da bakinta take ɗauko lakar curi-curi, ɗaruruwan sawu, mace da namiji suna taimakon juna, har su gama ɗan ƙoƙon da za su shimfiɗa wa ciyawa da gashi. Takan yi ƙwai kaɗan, ta yi kwanci kamar mako biyu, 'ya'yan kuma su yi kamar mako uku ko ɗoriya kaɗan kafin su tashi. Ke nan dukan abin da ake jayayya a kansa bai wuce mako shida ba.

Abu na farko da za a sani game da hukunci shi ne, Musulunci bai ɗauki tsuntsu a matsayin abin wasa ba. A cikin Suratul An'ami, aya ta 38, Allah Maɗaukakin Sarki ya sanar da mu cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. A cikin Suratun Nur, aya ta 41, ya sanar da mu cewa tsuntsaye suna yi masa tasbihi. A cikin Suratul Mulki, aya ta 19, ya jawo hankalinmu ga yadda suke shimfiɗa fukafukai suna naɗewa, babu mai riƙe da su sai Shi. Wanda ya ɗaga sanda zai rushe sheƙa, to, ya tuna cewa gidan wata al'umma mai tasbihi zai rushe.

Abu na biyu, an taɓa yin irin wannan a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah ya yarda da shi, cewa suna cikin wata tafiya, Annabi ya ɗan keɓe don wata buƙata, sai suka ga wata 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu, suka ɗauke 'ya'yan. Uwar ta zo tana ta karkaɗa fukafukai a kansu. Da Annabi ya dawo ya gani, sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya kuma yi umurni a mayar mata da su. A wannan tafiya ɗin ne kuma ya ga gidan tururuwa da suka ƙone, ya hane su, ya bayyana cewa azaba da wuta ba ta dace da kowa ba sai Ubangijin wuta. Wannan hadisi shi kaɗai ya isa amsa ga masu hura hayaƙi ko cinna wuta ko fesa guba a kan sheƙar da ke da rai a ciki. Nasa'i kuma ya ruwaito cewa wanda ya kashe ko da gwara ce ba da hakki ba, Allah zai tambaye shi a kanta. Wannan kuwa amsa ce ga yaran da ke neman izinin harbi da danƙo, da uban da ya ba su izinin.

A nan ya kamata in yi wani ɗan gyara. Akan ji wasu masu wa'azi suna kawo wani hadisi da ya hana kashe tsattsewa da sunanta. Baihaƙi ya kawo shi, amma shi da kansa ya nuna cewa isnadinsa yankakke ne. Ba mu da buƙatar jingina da mai rauni alhali ingantattu sun wadatar. Haka nan abin da ya zo a littattafan tarihin Annabi cewa tsuntsayen da suka hallaka rundunar Abrahata sun yi kama da tsattsewa, bai mai da ita wata tsuntsuwa mai tsarki ba. Kalmar ababila a wurin masu tafsiri tana nufin jama'a-jama'a, wasu na bin wasu. Wanda kuma ya ƙudurta cewa sheƙarta tana jawo wa gida arziki, ko cire ta yana jawo tsiya, ya faɗa cikin camfi, Annabi kuwa ya kore camfi da tsuntsu. Saboda tsoron Allah muke ƙyale ta, ba saboda tsoronta ba.

Abu na uku, shi ma mai gida yana da hakki, kuma Shari'a ba ta manta da shi ba. Ƙa'idar da Imamu Malik ya kawo asalinta a cikin Muwaɗɗa ita ce hana cuta da hana ramuwa da cuta, daga nan malaman fiƙihu suka fitar da cewa cuta ana gusar da ita. Gareji mallakarsa ne, mota dukiyarsa ce, kashin tsuntsu kuwa idan ya daɗe a kan fenti yana ɓata shi. Amma malaman nan dai su ne suka ce ana gusar da cuta da mafi sauƙin abin da zai gusar da ita, kuma ba a gusar da ƙaramar cuta da wadda ta fi ta girma. Abubuwan da Annabi ya yi izinin kashewa saboda cutarwarsu, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim, su ne hankaka da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo. Tsattsewa ba ta cikinsu, ba ta kuma yi kama da su ba, domin ba ta cizo, ba ta sata. Laifinta duka kashi ne, maganin kashi kuwa ruwa da tsumma.

Game da tsarki kuma, domin na san wannan yana damun mutane da yawa, a mashhurin mazhabar Malik kashin abin da ya halatta a ci namansa mai tsarki ne muddin ba najasa yake ci ba, tsuntsaye kuwa suna cikin abin da ya halatta. Saboda haka idan kashin tsattsewa ya zuba a riga ko a tabarma, wanke shi tsabta ce da kyautatawa, amma salla ba ta ɓaci ba. Mazhabar Shafi'i tana ganinsa najasa, duk da haka malamanta sun yi rangwame a inda kauce masa ya yi wuya, kamar a masallatai.

Idan aka haɗa waɗannan duka, za a ga cewa hukuncin yana bin lokaci ne. Kafin ta yi ƙwai, mai gida yana da iko ya hana ta: ya riƙa rufe ƙofar garejin, ya toshe kafofin da take shiga da ragar waya, ya kakkaɓe lakar tun tana farawa, har ta gaji ta nemi wani wuri. Babu zunubi a cikin wannan, kuma rigakafi ya fi magani. Amma da zarar ta yi ƙwai ko ta ƙyanƙyashe, hakkinta ya rinjayi nasa har 'ya'yan su tashi. A wannan lokaci sai ya kafa ɗan katako a ƙarƙashin sheƙar, da ɗan nisa kamar kamu ɗaya don kada kyanwa ta taka ta kai gare ta, ya tare kashin. Ko ya rufe motar da tamfol. Ko ya matsar da ita gefe. Ya kuma bar mata wata kafa a buɗe dare da rana, taga ce ko tsakanin ƙofa da rufi. Bayan 'ya'yan sun tashi, ya tabbatar babu sabon ƙwai, domin takan sake yi a damina ɗaya, sai ya cire sheƙar, ya wanke wurin, ya toshe hanyar kafin baɗi, saboda tsattsewa tana da halin komawa inda ta saba.

Wannan hali ba mu muka fare shi ba. Masu tarihin Masar sun ruwaito cewa Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da shi, bayan ya ci ganuwar Babilun a shekara ta 20 bayan Hijira, watau 641, ya yi shirin tashi zuwa Iskandariyya, sai aka tarar kurciya ta yi ƙwai a saman tantinsa. Ya hana a naɗe tantin, ya ce ta shiga amanarsu, a bar shi a kafe har ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta su tashi. Da rundunar ta dawo, a nan aka kafa birnin da aka sa wa suna Fusɗaɗu, kalmar da ke nufin tanti, inda masallacinsa yake har yau a tsohuwar Alƙahira. Sarkin yaƙi ke nan, yana tsakiyar yaƙi, ya bar wa tsuntsuwa tantinsa.

Su ma waɗanda ba Musulmi ba hankali ya kai su ga wannan iyaka. A Amurka akwai doka tun 1918 mai kare tsuntsaye masu ƙaura, wadda ta hana lalata sheƙarsu idan da ƙwai ko 'ya'ya a ciki. A Ingila dokar 1981 ta hana ɓata sheƙar tsuntsun daji muddin ana amfani da ita ko ana gina ta. Ƙasar Sin kuwa ta gwada akasin haka a 1958, ta yi gangamin kashe gwara da sunan kare hatsi, sai ƙwarin da gwarar ke ci suka yi yawa suka afka wa gonaki, har hukuma ta janye gwara daga gangamin a 1960. Allah ya aza ma'auni a cikin halittarsa, wanda ya taɓa shi kuwa shi zai ji a jikinsa. Abin kunya ne a ce abin da wasu suke bari don tsoron tara, Musulmi ya kasa bari don tsoron Allah.

Sai na ce wa maƙwabcin nawa, "Alhaji, tun da ta riga ta yi ƙwai, lokacin hanawa ya wuce. Ka kulle ƙofarka ka yi tafiyarka, amma ka bar ƙaramar tagar nan ta sama a buɗe, ka rufe motarka, ka kuma gargaɗi yara." Ya ce, "To Malam, ɓarawo fa?" Na ce, "Tagar da ke da sandunan ƙarfe tsattsewa za ta wuce, ɓarawo ba zai wuce ba." Ya yi murmushi, ya ce zai yi hakan.

Ya 'yan'uwa, yaron da ya tashi yana ganin ubansa yana tausaya wa tsuntsu zai yi wuya ya zama mai ƙeta ga ɗan'uwansa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Annabi ya ba da labarin mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ya kuma tabbatar wa sahabbai cewa akwai lada a cikin kyautata wa kowane mai rai. Babu wanda ya san aikin da zai cece shi ranar Alƙiyama. Watakila haƙurin mako shida ne da taga guda da aka bari a buɗe.

Allah ya sanya tausayi a zukatanmu, ya tsare mu daga ɗaukar alhakin abin da ba shi da bakin kai ƙara sai a gare Shi. Allah shi ne mafi sani.