Haɗama Yayin da Gona Ta Ƙuntata

Duk wanda ya san Kausani da sauran ƙauyukan ƙasar Wudil ya san cewa gonar da kaka ya noma da iyalinsa, ya cika rumbu da gero da dawa har ya fitar da zakka, ita ce a yau jikoki suke rabawa kunya-kunya, domin zuriya tana yaɗuwa da ikon Allah, alhali ƙasa ba ta ƙaruwa ko da taƙi guda. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 185,000 a ƙaramar hukumar Wudil, kuma yaran da aka ƙidaya a goye a lokacin sun isa neman inda za su kafa fartanya.

A cikin irin wannan ƙunci haɗama take shigowa, kuma sau da yawa da rigar maslaha take zuwa. Babban wa zai ce idan aka tsittsinka gonar gado babu wanda kasonsa zai ciyar da shi, gara a bar ta gandu a hannunsa. Maganar kuwa ba ta rasa gaskiya ba, sai dai damina tana bin damina, amfani yana shiga rumbunsa shi kaɗai, 'yan'uwa mata da marayu ko dami ɗaya ba su gani ba, kunya kuma ta ɗaure musu baki. Wannan hali shi ne yake sa a ci iyakar maƙwabci, a nome burtali har shanun da za su sha ruwa a kogin Wudil su rasa hanya, fitina ta tashi tsakanin manomi da makiyayi.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba, gama Suratun Nisa'i ta fayyace rabon kowane magaji, ta kuma yi gargaɗi mai tsanani ga mai cin dukiyar maraya. Idan gona ta yi ƙanƙanta ga rabo, sai a ƙimanta ta, mai riƙewa ya biya sauran haƙƙinsu, ko a noma ta bisa yardar kowa a raba amfani da kaka. Ƙarancin ƙasa jarrabawa ce, amma ba ya halatta zalunci.

Saboda haka ina kira ga dagatai da masu unguwanni da limamai, kada su bari gado ya shekara ba a san na kowa ba. Kai kuma mai riƙe da gonar marayu, ka sauke wannan nauyi tun kana da rai.