Itacen da Aka Bar wa Baƙo

Can a ƙarshen arewacin ƙasar Finland, inda iyakarta ta haɗu da ta Norway, akwai wani dutse mai suna Halti. Nan ne wuri mafi tsayi a ƙasar, mita 1,324. Mai son zuwa wurin daga ƙauyen Kilpisjärvi sai ya yi tafiyar sama da kilomita 50 ba tare da hanyar mota ko gari ba. Amma a kan hanyar akwai 'yan ɗakunan katako jefi-jefi, waɗanda mutanen ƙasar ke kira autiotupa, wato ɗakin da ba kowa a ciki. Ba a kulle su, ba a kuma biyan ko kwabo. Abin da ke ciki shi ne murhun ƙarfe, da dakalin katako na kwanciya, da tebur, da littafin da baƙi ke rubuta sunayensu.

Mu da muke kuka da hunturun Disamba ba mu san irin sanyin wannan yanki ba. A garin Utsjoki rana takan yi kusan kwana 50 ba ta fito ba, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. A watan Janairu na 1999 an auna sanyi a ƙauyen Pokka ya kai digiri 51.5 ƙasa da sifiri. A irin wannan yanayi yatsun mutum sukan sandare har ya kasa ƙyasta ashana, kuma wanda dusar ƙanƙara ta jiƙa tufafinsa yana iya mutuwa kafin gari ya waye.

Al'adu biyu ne ke riƙe da waɗannan ɗakuna. Ta farko, hukumar kula da gandun daji tana kawo itace, amma kowane baƙo, kafin ya tafi, zai faskara wani ya shigo da shi kusa da murhu, ya share ɗakin. Ta biyu, idan ɗaki ya cika, wanda ya riga zuwa shi ne zai ba wa wanda ya iso daga baya wuri.

'Yan'uwa, wannan ta biyun adalci ce kuwa? Mun saba cewa wanda ya riga shiga layi shi ake fara sallama. Wani zai ce, ni na yi sammako, na shirya tafiyata tun da wuri domin ba a fafe gora ranar tafiya, don me zan tashi saboda wanda ya yi sakaci? Maganarsa tana da nauyi. Sai dai wanda ya riga zuwa ya riga ya ji ɗumi, ya ci abinci, tufafinsa sun bushe. Yana da ƙarfin kafa tanti a waje ko ya ƙarasa ɗaki na gaba. Na ƙarshen kuwa ƙarfinsa ya ƙare. An gina ɗakin domin ceton rai ne, saboda haka bukata ce ke yanke hukunci a ƙofarsa. Inda rai ke cikin hatsari, tambayar wa ya fi cancanta sai ta jira.

Al'ada ta farkon ta fi gwada zuciya, gama babu shaida. Mai faskara itacen ba zai ga wanda zai ji ɗuminsa ba, ba zai ji godiya ba, in ya ƙi kuma ba mai kama shi. To, me ya wajabta masa? Shi ma da ya iso cikin duhu yana rawar sanyi, itace ya tarar a shirye. Wanda ya ajiye masa ya riga ya wuce, bai kuma san shi ba. Bashi ne da ba shi da hanyar komawa baya, sai dai a biya shi ga mai zuwa.

Gaskiya ne akan sami waɗanda za su ƙone itacen duka su kama hanya. Amma idan na ƙi faskarawa saboda su, wa na hukunta? Macucin ya yi nisa. Baƙon gobe ne, wanda bai yi mini laifin komai ba, zai tarar da murhu babu wuta. Haka yawancin ramuwarmu take: takan faɗa a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Ba mu da dusar ƙanƙara, amma kakanninmu sun san wannan darasi sa'ad da suke ajiye randar ruwa da moɗa a ƙofar gida domin matafiyi. Mu ma kullum muna barin wani ɗaki ga wanda ba mu sani ba: gidan haya da muka tashi daga ciki, ofishin da muka miƙa, rijiyar unguwa, gonar aro. Iyaye, mu koya wa 'ya'yanmu su riƙa waiwayawa kafin su ja ƙofa, su tambayi lamirinsu abin da mai zuwa zai tarar. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko da wanda ya yi shi bai san inda ya manne ba.